Sunan Ɗan Fari a Gidan Zoo

Ku matso kusa, ku gyara zama, don maganar nan ko ƙannena mata ban gaya wa ba, kuma ba na son ɗaga murya a kanta.

Ni dai ba mai yawo ba ce. In kuka zo unguwarmu a Kano kuka tambayi gidan da ba a taɓa sallama a rasa matar gidan ba, nawa za a nuna muku. Boko aji uku na yi, sai allo, sai islamiyyar matan aure daga baya. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina ɗaki nake gane wanda ya shigo zaure daga jan takalminsa, ina tsakar gida nake jin tukunyar da ruwanta ya kusa ƙonewa.

Ɗana na fari shi ne a Malesiya. Gwamnati ce ta tura shi karatun digiri na uku, ya tafi da matarsa. Sai na fara gaya muku abu ɗaya game da shi, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Tun ranar da aka raɗa masa suna ban taɓa kiran sunan da bakina ba. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan surukina aka mayar masa. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu. Ina yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. In zan kira shi, “kai” ne. In zan yi maganarsa da ƙannensa, “yayanku.” In baƙi suka tambaye shi, in ce “wancan ya fita.” Lokacin da ya yi ƙyanda yana ƙarami, ƙanwata na ja zuwa asibiti don ita za ta faɗi sunan a yanki kati, ni ina gefe ina gyara goyo. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. Kunya ce, kuma ban taɓa jin ta yi min nauyi ba.

Da matarsa ta haihu na biyu, mahaifiyarta ta je ta yi mata jego ta dawo, sai suka matsa ni ma in je in ga jaririn. Na yi ta kawo uzuri har uzuri ya ƙare. Haka na tsinci kaina a Kuala Lumpur, a wata unguwa da ake ce wa Sri Petaling, a bene hawa na goma sha huɗu. Sati uku na yi ban sauka ba, in ban da ranar da aka kai ni kasuwar Masjid India sayen mayafai. Wurin zamana bakin taga ne. Ina jin jirgin ƙasa yana wucewa, ina jin maƙwabciyarsu tana sara kayan miya da sassafe, har na tsinci kalma biyu uku a bakin mutanen lifta ranar da muka fita. In sun ce boleh, to abu ya yiwu. In sun ce makan, abinci ne.

Abokiyar hirata a gidan ita ce babbar ’yarsu, mai shekara huɗu. Takwarata ce, sunana aka sa mata, saboda haka iyayenta ba sa kiran sunan, Mama suke ce mata. Hausa tana jin ta sarai, amma in ka yi mata magana sai ta amsa da Turanci ko da yaren mutanen can. Ina ce mata, “Takwara, zo ki ci tuwo,” tana ce min abin da ban sani ba, tana zuwa kuma tana ci. Tana da asma tun tana jaririya. Akwai wani ɗan abin shaƙa shuɗi da ba ya rabuwa da jakar uwarta.

Wata Juma’a da yamma ɗan nawa ya dawo daga makaranta ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Umma, gobe gidan zoo za mu. Ba za ki koma Kano ki ce ɗaki kawai kika gani ba.”

Na ce, “Ɗakin ma ai abin gani ne, hawa goma sha huɗu. Kuma na ga na Kano ranar wata sallah, kura ɗaya ce tana barci.”

“Wannan daban ne, Umma.”

“Kurar tasu a tsaye take barci?”

Surukata ta yi dariya har jaririn ya saki nono. Takwara kuwa da ta ji an ce zoo sai ta hau tsalle a kan kujera. Na ga ba ni da mafita.

Da safe na dafa shinkafa da wake, na zuba mai a kwalba, na ƙulla yajin da na zo da shi daga gida. Surukata ta ce, “Umma, akwai abinci a can fa, ko mu yi tapau a hanya.” Tapau shi ne a saya a ƙunsa a tafi da shi. Na ce ni ba na zuwa kallon dabba da cikin da ban san abin da zan zuba masa ba. Muka hau jirgin ƙasa, muka sauka, muka shiga motar haya, sai ga mu a ƙofa.

Gaskiyarsa, daban ne. Wurin daji ne sosai, itatuwa sun haɗe sama, ga zafi mai ɗanshi irin wanda ke sa mayafi manne wa mutum a wuya. Na ga raƙumin dawa ido da ido, yana tauna a hankali kamar tsohuwa da goro. Na ga giwaye. Na ga wani jan biri mai dogon gashi ya ɗora buhu a ka, ya zauna yana kallonmu kamar dattijon da aka zo wa gaisuwa lokacin barcinsa. Aka shigar da mu wani ɗaki mai sanyi don mu ga wata dabba mai fari da baƙi, an ce daga Sin aka kawo ta. Mun bi layi mai tsawo, muna isa ta juya mana baya tana cin gora.

Na ce, “Wannan ce muka tsaya wa?”

Ya ce, “Umma, mutane daga ƙasashe suke zuwa ganinta.”

“To ai ga shi sun ga bayanta.”

Abin da ya fi burge ni tsuntsaye ne, wasu dogaye masu kama da shamuwa, ba keji ba komai, suna yawo a bakin tafki cikin mutane. Ɗaya ya biyo mu har inda muka shimfiɗa leda muka ci shinkafa da wake. Takwara tana ce masa makan, makan, uwarta tana hana ta.

Wajen ƙarfe biyu ɗan nawa ya ce zai je masallacin maza ya yi azahar, in ya dawo mu ma mu je. Surukata ta zauna a benci tana shayar da jariri. Sai Takwara ta fara matse ƙafa.

Surukata ta ce, “Umma, bari in gama in kai ta.”

Na ce, “Zauna ki shayar da yaro. Ba ga banɗakin can ba, ina ganinsa.”

Na sa jakata a ƙasan keken jaririn don kada ta dame ni. Wayata tana ciki, da takardar da ya rubuta min lambarsa da adireshin gida tun ranar da na sauka. Na kama hannun yarinya muka tafi.

Muna ciki na ji ruwa ya sauko. Ruwan can ba ya sallama, ba iska ba gajimare mai tsawo, sai dai ka ji kamar an kifar da randa. Banɗakin ashe ƙofa biyu gare shi, ni kuma ban lura ba. Muka fita ta wadda ba ita ba. Na hango wata rumfa na ɗauka ita ce ta kusa da bencinmu, na ɗauki yarinya na ruga. Ba ita ba ce. Na ce to bari mu koma, sai hanya ta rabu biyu, kowacce da itatuwa iri ɗaya. Na tsaya na kasa kunne ko zan ji kukan jaririn, don kukansa ko cikin kasuwa zan gane shi. Ba abin da nake ji sai ruwa a kan ganye da kwano. Kunnen da nake taƙama da shi ranar bai yi min komai ba.

Mun jima muna zagaye. Mun wuce kejin jan birin nan sau biyu. Mun jiƙe sharkaf, zanina ya yi nauyi, Takwara ta fara kuka tana kiran Momi. Sai ga wata ma’aikaciya, yarinya ce matashiya da hijabi da rigar aiki, tana tuƙa ’yar motar nan marar ƙofa. Ta tsaya ta yi min magana, ban gane ba. Ta yi wa Takwara, Takwara ta amsa mata cikin kuka. Ta yi mana alama mu hau.

Ta kai mu wani ofis kusa da ƙofar shiga. Na’urar sanyi tana ta aiki a ciki, ga mu a jiƙe. Ta ba mu tawul, ta ba yarinya ruwa, ta durƙusa a gabanta tana tambayarta da Turanci. Kalmar suna dai na san ta tun aji uku, don haka ina biye da su.

Ta tambaye ta sunanta. Ta ce, “Mama.”

Ma’aikaciyar ta dube ni, ta sake tambaya. Ta sake cewa, “Mama.”

Sunan babanta fa? “Abba.”

Sunan uwarta? “Momi.”

Ma’aikaciyar ta rufe baki tana dariya. Ni ban yi dariya ba, don a lokacin na gane wani abu. A gidan nan kaf babu mai kiran sunan ɗan nawa. Matarsa Abban Mama take ce masa, ’yarsa Abba, ni kuma kai. Ina yarinya za ta ji shi?

Ma’aikaciyar ta je teburinta ta jawo makirfo ta yi sanarwa, da yarensu da Turanci. Na ji ta ce Najeriya, na ji ta ce Mama. Muka zuba wa ƙofa ido. Mutane suna shigowa suna fakewa, suna fita, babu namu. Ruwa kuwa sai ƙaruwa yake.

Sai ta juyo gare ni. Ta nuna Takwara, ta ce Abba, ta nuna bakina, ta nuna makirfo. Ba sai an fassara min ba. Sunan uban take so, don mutum ko cikin hayaniya yake in aka kira sunansa zai ji.

Na ce mata da Hausa, “Ɗana ne.”

Ta gyaɗa kai tana jira.

“Na fari ne,” na ce, na ɗaga yatsa ɗaya.

Ta sake gyaɗa kai. Ta ɗauka ban gane tambayar ba, sai ta miƙo min biro da takarda. Zan iya rubuta shi da ajami, kuma na san za ta iya karantawa, don na ga irin rubutun a jikin masallatansu. Na riƙe biron, na ɗora a takarda, na yi harafin farko, hannuna ya tsaya. Ji na yi kamar surukina, Allah ya ji ƙansa, yana zaune a zaure yana kallona. Na ajiye biron. Na ce a raina, ai suna nemanmu, yanzu za su shigo, me zai sa in yi abin da ban taɓa yi ba saboda ruwan sama?

Wannan jiran shi ne laifina, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ya kai minti goma. Ma’aikaciyar tana kallona, ta rasa wace irin tsohuwa ce wannan da ta manta sunan ɗanta.

Takwara tana kan cinyata, na naɗe ta da tawul, ta daina kuka. Na ɗauka barci take ji. Sai na ji wani ɗan sauti siriri a ƙarƙashin ƙarar ruwan, kamar ana busa ƙaramin usur daga nesa. Na sa kunnena a bayanta. Daga ƙirjinta yake fitowa. Na juyo da ita, na ga kafaɗunta suna ɗagawa da kowane numfashi, ramin wuyanta yana shiga ciki. Ta dube ni ba ta ce komai ba, ita da bakinta ba ya hutawa.

Na yi wa ma’aikaciyar alama da hannu, na nuna ƙirji, na kwatanta abin shaƙa a baki, na nuna waje na ce Momi. Nan take fuskarta ta canja. Ta kashe na’urar sanyi, ta ɗauki wayar oba-oba tana kiran wani da sauri.

Ni kuma na ajiye yarinya a kujera, na tashi na je teburin. Ban nemi izini ba. Na nuna makirfo na ce, “Boleh?”

Ta ce, “Boleh, boleh,” ta danna min abin.

Har a lokacin niyyata in yi maganata ba suna. Na ce, “Kai! Kai, muna ofishin bakin ƙofa.” Na ji muryata ta fita waje, ta dawo min daga nesa a dagule, ruwa ya cinye rabinta. Na tuna yawan mutanen da na gani tun safe. Kai ɗin nan ba na kowa ba ne. Na waiwaya na ga yarinya ta buɗe baki tana neman iska.

Sai na kira shi. Na kira sunansa, yadda liman ya faɗe shi ranar suna. Sau uku na kira, da ƙarfi, irin kiran da ake wa yaro in ya doshi rijiya. Na ce, “Ka zo ofishin bakin ƙofa da jakar matarka, ƙirjin Mama ya tashi.” Na sake kiran sunan na huɗu, wannan ban san dalili ba.

Na koma na ɗauki yarinya. Bakina har wani ɗaci yake yi.

Ba a jima ba ya faɗo ofishin da gudu, jakar a ƙirjinsa, rigarsa ta manne a jiki, takalmi ƙafa ɗaya. Ya zazzage jakar a ƙasa, ya ɗauki abin shaƙar, ya sa mata a baki ya danna, ya ƙirga, ya sake dannawa. Wani ma’aikacin jinya ya shigo da akwatinsa ya saurari ƙirjinta. Surukata ta iso daga baya, wani ya riƙa mata lema, jariri a kafaɗa, idonta ya yi ja. Muka zauna muna sauraro. Ni na fara jin usur ɗin yana raguwa, na ce, “Ya fara sauka.” Ma’aikacin jinyar ya ƙara saurarawa ya gyaɗa kai.

Ɗan nawa bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ya yi wa ma’aikaciyar godiya, ita kuma ta kama hannuna da hannu biyu ta kai goshinta, yadda yaransu ke gaida manya.

Ba mu koma ta jirgin ƙasa ba, mota ya kira har gida. Yana gaba, mu muna baya. Muna cikin tafiya Takwara ta warware, ta miƙe zaune, sai kawai ta buɗe baki ta kira sunan, da irin muryata, har da jan ƙarshen. Ta sake. Ta mai da shi waƙa.

Uwarta ta ce, “Ke! Rufe bakinki. Sunan Abbanki ne.”

Ta ce wani abu da Turanci tana nuna ni. Ba sai an fassara ba, cewa take ai ni na fara. Surukata ta juya tana kallon taga, ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa. Direban yana ta kallonmu ta madubi. Ni dai na ja mayafina na rufe fuska har Sri Petaling.

Washegari da safe ina kicin ina dama kunu, sai ya shigo ya durƙusa ya gaishe ni. Na amsa ina kallon tukunya. Maimakon ya tashi kamar kullum, sai ya zauna a ƙasa ya jingina da firji.

Na ce, “Yaya ƙirjin nata?”

“Da sauƙi, Umma. Tana barci.”

“Ni na ja. Da na faɗa tun farko da ba ta kai haka ba.”

Ya ce, “Sanarwar farko ban ji ta ba, ina can wajen damisa ina leƙa kowane lungu. Da kika ce kai, na ji kamar Hausa, na tsaya. Da kika kira sunan kuwa, wallahi Umma sai da na waiwaya in ga wa ake kira. Muryar na san ta, sunan na san shi, ban dai taɓa jin su tare ba.”

Na ci gaba da damawa.

Sannan ya ce a hankali, “Umma, ki ƙara faɗa sau ɗaya. Ba a lasifika ba.”

Mutum ne mai shekara talatin da shida, furfura ta fara fito masa a gemu, ’ya’ya biyu, ɗalibai suna ce masa malam. Yana zaune a ƙasan kicin yana kallon ƙafafuna.

Na ce, “Kai, tashi ka ba ni wuri, kunu zai yi gudaji.”

Ya yi dariya. Ya ɗan ƙara zama kaɗan, sannan ya tashi ya fita. Har na gama kwanakina na dawo bai sake tayar da maganar ba, ko a filin jirgi.

Yanzu wata bakwai ke nan da dawowata. Duk Juma’a yana kira bayan sun sauko daga masallaci, mu nan da safe ke nan. Mu gaisa, ya tambayi ƙafata, in tambayi yara, a ba Takwara ta yi min surutunta. In mun zo sallama sai ya yi shiru, bai kashe ba, bai ce komai ba. Ina jin numfashinsa a wayar. Na san abin da yake jira. Ni kuma sai in ce ya gaida mutan gidan, in kashe.

Jibi Juma’a ce. In ya sake yin shirun nan, ku me kuka gani, in faɗa masa ko in ce ya gaida mutan gidan?